Yayyafi a Fuskar Baba Sali

A ƙasan akwatin Inna na tsinto shi,
tsakanin zanen da ta daina ɗaurawa
da katin asibitin da ɓera ya ɗanɗana.
Baƙin kaset, an rubuta da jan biro:
"Sunan Habsatu, Garwa, casa'in da huɗu."
Habsatun ni ce. Kwanana bakwai a duniya.

Na naɗe shi a gyale, na hau babur
zuwa rumfar Ummate, bayan babbar kasuwa,
inda tsofaffin rediyoyi ke jiran masu su
kamar awakin da aka manta a turke.

Ya ɗaga murfin, ya sansana, ya tsuke baki.
"Fumfuna ta taɓa shi. Damina talatin ba wasa ba.
Kada ki ce in kunna yanzu.
Zaren da ya daɗe a kwance sai an miƙar masa da jiki,
a kai shi ƙarshe, a dawo da shi farko,
kamar majinyaci ranar da ya fara takawa."

Ya buɗe cikin injin, ya ɗiga sifirit a farar takarda,
ya goge kan da ke karanta hoto,
sannu, kamar mai share wa jinjiri kwantsa.
Takardar ta fito baƙa.
Ya sake. Ya sake. Sai a ta huɗu ta fito fara.

Wuta ta ɗauke. Muka sha shayi.
Ba ta dawo ba sai bayan la'asar.

Hoton ya zo yana rawar ɗari,
farin layi na hawa yana sauka.
Ya yi ta murɗa wani ɗan maɓalli
har layin ya kwanta can ƙasa, inda ba ya tare kowa.
Ga tsakar gidanmu tun darbejiya tana ƙarama.
Ga rago. Ga Goggo Dudu da haƙoranta cif.
Ga wani dogo ya shigo da buhun gishiri a kafaɗa,
ya juyo, ya dubi mai ɗauka, ya yi dariya,
ya wuce.
Numfashi tara. Na ƙirga.
Abin da ya rage na Baba Sali ke nan
tun da motar auduga ta kife da shi a hanyar Figil.

Ummate ya ce, "Awa uku ne.
In na cusa su a faifai ɗaya, kuɗinki ya huta,
amma hoton zai farfashe kamar tsakin masara.
Tulu ba ya ɗaukar ruwan randa."
Na ce a yi faifai biyu.

Sai ya ce yana da dabara a kwamfuta
mai share yayyafin nan da ke zuba a fuskoki.
Ya danna. Yayyafi ya ɗauke.
Bango ya yi sumul, rago ya yi fari tas,
fuskar Baba ta yi santsi kamar sabon sabulu.
Na nemi tabon da Inna ke ba ni labari,
wanda ƙugiya ta bar masa a gira a bakin Binuwai.
Babu.
Na'ura ta zaci datti ne, ta goge.

Na ce, "Mayar min da yayyafina."
Ya dube ni. Bai yi gardama ba.
Tabon ya dawo, a jiƙe.

Da dare Inna ta ja tabarma gab da talabijin,
don yana ta riga ta ci rabin ganinta.
Ba ta ga gira ba, balle tabo.
Tun yana bakin zaure ta ce, "Shi ne.
Kin ga yadda yake jan ƙafar hagu?"
Ta yi shiru. Ta ce, "Gishirin nan bashi ya ciyo.
Ban san ko ya biya ba."

Sannan ta ce in mayar baya.
Na mayar. Ta ce in ƙara.
Kaset ɗin yana akwati, ƙarƙashin zanen,
don Ummate ya ce kada a yar da shi.